Tambayi Likita: "Lafiyata ƙalau, me zai sa a leƙa min hanji?"

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan makon saƙonni da yawa sun shigo kuma duk a kan abu ɗaya, wato sankarar babban hanji da dubura, wadda wasu ke cewa kansar hanji, to sai na ga gara in haɗa su waje ɗaya tunda amsar wani tana shiga cikin ta wani. Kamar kullum na cire sunaye.

Tambaya: Likita barka da aiki, dan Allah shawara nake nema a kan maigidana, shekararsa 43, yau wajen wata bakwai kenan yana ganin jini idan ya je bayan gida, wani lokacin gudawa wani lokacin kuma sai ya yi kwana uku bai yi ba, ya sha maganin basir kala-kala ba sauƙi, kuma ni da nake tare da shi ina ganin yana ramewa don wandunansa duk sun yi masa yawa, in na ce mu je asibiti sai ya ce basir ne kowa ma yana da shi. Wallahi hankalina ba a kwance yake ba.

Amsa: 'Yar uwa na sa tambayarki a gaba ne saboda ita ce ba ta jira. Ki lallaɓa shi ya ga likita cikin satin nan, ba wata mai zuwa ba. Ban ce miki sankara ce ba, yana iya zama basir ɗin da gaske, yana iya zama tsagewar bakin dubura ko kumburin hanji, amma jini na wata bakwai ga canjin bayan gida ga rama, waɗannan ukun in suka haɗu a jikin mutum ɗaya ba a tsayawa canke, dubawa ake yi. Kuma ki sani basir da sankara suna iya zama tare a jiki ɗaya, wannan shi ne abin da ya fi yaudarar mutane, mutum ya san yana da basir tun yana saurayi to duk jinin da ya gani sai ya ɗora wa basir, ita kuwa ɗayar tana can sama tana girma ba wanda ya tanka mata. Basir ba ya sa mutum ya rame, wannan ki faɗa masa haka kai tsaye.

In ya ce ai shi yaro ne, cutar tsofaffi ce, to a da haka ake gani amma abin ya canza. A Amurka an lissafa an ga wanda aka haifa wajen 1990 haɗarin kamuwarsa da sankarar hanji ya ninka na wanda aka haifa wajen 1950 sau biyu, ta dubura kuwa sau huɗu. Ɗan wasan fim ɗin nan Chadwick Boseman a 2016 aka gano tasa, ya rasu a watan Agusta 2020 yana da shekara 43, daidai shekarun maigidanki. Idan kun je kada ya ji kunyar faɗin komai, kalar jinin, ja ne jawur ko ya yi duhu ya cakuɗe da kashin, ko kashin ya sirance, ko yana jin kamar bai gama ba bayan ya gama. Likita zai sa safar hannu ya duba duburar da yatsa, minti ɗaya ne, a gwada jininsa, sannan a tura shi gwajin kyamara da ake leƙa cikin hanji da ita. Allah ya sa mu ji alheri, ki sake rubuto min.

Tambaya: Salam likita. Ni shekarata 47 kuma Alhamdulillah ba na ciwon komai, ba jini ba ciwon ciki, amma wani abokina ya dame ni wai in je a yi min gwajin hanji. Ni dai a sanina mara lafiya ke zuwa gwaji, mai lafiya me zai je nema?

Amsa: Malam abokin nan naka ka riƙe shi da kyau, yana sonka. Bari in yi maka bayanin yadda cutar take farawa, in ka gane wannan sauran duk mai sauƙi ne.

Babban hanji tsawonsa wajen mita ɗaya da rabi ne, shi ne zangon ƙarshe da abinci ke bi, yana tsotse ruwa ya bar kashi. A jikin bangonsa na ciki wani lokacin sai wani ɗan tsiro ya fito, ƙarami kamar ƙwayar wake ko ma bai kai ba, wani da ɗan wuya kamar naman kaza wani kuma a shafe yake da bango. Wannan tsiron ba sankara ba ne, ba ya ciwo, ba ya hana ka cin abinci ba ya hana ka barci, kuma mafi yawansu har mutum ya mutu ba za su zama komai ba. Amma wasu daga ciki a hankali suke rikiɗewa, kuma rikiɗewar takan ɗauki shekara 10 ko fiye kafin ta zama sankara. Ka ga kenan akwai shekaru goma cur da abin yake zaune shiru ana iya cire shi, kuma a duk tsawon shekarun nan mutumin zai rantse maka lafiyarsa ƙalau, kuma gaskiya ya faɗa, haka yake ji. Ranar da ya fara jin alama sau da yawa an riga an yi nisa. Shi ya sa gwajin na masu lafiya ne, wanda ya riga ya ga jini kamar mijin 'yar uwarmu ta sama shi ya wuce wannan layin, nasa bincike ne na gaggawa.

Kuma cutar ba ƙarama ba ce, ita ce ta uku a yawa cikin sankarori a duniya, ta biyu wajen kisa, a 2020 kaɗai mutum wajen miliyan 1.9 aka samu da ita, sama da 900,000 suka rasu. Amma duba bambancin lokaci, a lissafin Amurka in aka kama ta tun tana cikin bangon hanji ba ta fita ba, kusan 9 cikin 10 suna nan da rai bayan shekara biyar, in kuwa ta riga ta kai hanta ko huhu ba su kai 2 cikin 10 ba. Cuta ɗaya ce, ranar da aka gan ta ce ta bambanta.

Gwajin iri biyu ne manya. Na farko na kashi, ana ce masa FIT, yana neman jinin da ido ba ya gani. Wata 'yar kwalba ce kamar tsawon yatsa, a jikin murfinta akwai ɗan tsinke mai zare-zare a baki, ka shimfiɗa takarda ka yi bayan gida a kai, ka goga bakin tsinken a jikin kashin har zaren ya ɗauka, ka mayar cikin kwalbar ka rufe, shikenan ka kai ko ka aika. Ba azumi ba shan magani ba wanda zai gan ka. Sharaɗinsa ɗaya, sai an riƙa maimaitawa, duk shekara ko duk shekara biyu gwargwadon tsarin ƙasa, don tsiro ba kullum yake zubar da jini ba.

Na biyu shi ne kolonoskofi, gwajin kyamara. Gaskiya abin da ya fi wahala a ciki ba gwajin ba ne, jajiberinsa ne, za a ba ka ruwan wankin ciki mai yawa ka sha, ka wuni kana zarya bayi har abin da ke fita ya koma ruwa tsararo kamar fitsari, kuma dan Allah duk wanda aka ba shi ya shanye, hanjin da bai wanku ba yana ɓoye tsiro. Washegari a kwantar da kai ta gefen hagu, a ba ka allurar da za ta sa ka gyangyaɗi, a zura wata tiyo mai laushi kaurin yatsa da fitila da kyamara a bakinta. A talabijin ɗin da ke nuna hoton kyamarar za ka ga cikin hanjin ruwan hoda yana sheƙi, jijiyoyin jini sirara a shimfiɗe, sai can a bayan wani lanƙwasa ka hango ɗan tsiron ya ɗago kai. Ta cikin tiyon ake turo wata 'yar waya mai zarge kamar tarko, a rataya masa a wuya a tsuke, ya faɗo, a ɗauko shi a kai ɗakin gwaji. Mutumin bai ji komai ba don bangon cikin hanji ba ya jin yanka. Duk sanda na ga wannan sai na ji wani sanyi a raina, don abin da zai iya zama tiyata da kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, bayan shekara takwas ne aka gama da shi cikin minti biyu. In ba a ga komai ba sai bayan shekara 10 kuma. Yana da ɗan haɗarinsa, zubar jini ko hujewar hanji, amma ba kasafai ba.

Maganar shekaru, a Amurka da daga 50 ake farawa, a 2021 kwamitin da ke ba da shawarar gwaje-gwajen rigakafi ya sauko da shi 45 har zuwa 75. Ingila suna aika kwalbar FIT gida duk shekara biyu daga 50 zuwa 74. Kai da 47 ka isa ka yi wa likitanka maganar, in kyamarar ce ke ba ka tsoro fara da na kashin.

Tambaya: Likita mahaifinmu wannan cutar ce ajalinsa, an gano ta yana da shekara 48, ƙanwarsa kuma sankarar mahaifa ta yi. Ni 31 nake, mu shida ne. Gado ne? Mu ma sai mun kai 45?

Amsa: Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. A'a ɗana, ku lissafinku daban ne. Ƙa'idar ita ce wanda uba ko uwa ko ɗan uwansa na ciki ɗaya ya yi cutar zai fara a shekara 40, ko shekara 10 kafin shekarun da aka gano ta mara lafiyan, duk wanda ya riga zuwa. Baba 48, cire 10, kenan 38, kuma da kyamara ba da na kashi ba, ana maimaitawa duk shekara biyar.

Amma maganar gwaggonka ta sa na ƙara gyara zama. Akwai wani gado da ake ce wa ciwon Lynch, sunan likitan Amurka Henry Lynch da ya bi diddigin iyalai masu shi, matsala ce a ƙwayoyin halittar da aikinsu gyara kuskure idan tantanin jiki yana rabuwa. Wajen kashi 3 cikin 100 na sankarar hanji daga nan take, kuma alamarsa a dangi ita ce irin wannan da ka faɗa, hanji a wannan, mahaifa a waccan, kuma da ƙuruciya. In uba yana da shi kowane ɗa rabi da rabi ne, ko ya ɗauka ko bai ɗauka ba. Masu shi tun daga shekara 20 zuwa 25 ake fara musu kyamara, duk shekara ɗaya ko biyu. Don haka kada ka jira 38 ɗin ma, ku zauna ku shida ku tambayi manya wa ya yi wace cuta a dangin Baba kuma yana da shekara nawa, ku rubuta a takarda ku kai wa likita. 'Yan uwanka mata su ma su sani saboda mahaifa. Akwai wani gadon kuma da ake ce wa FAP inda tsiro ke fitowa ɗaruruwa tun yaro yana tasowa, shi bai kai Lynch yawa ba. Su ma masu daɗaɗɗen kumburin hanji irin su Crohn da gyambon babban hanji, bayan shekara 8 da farawa ake soma duba su.

Tambaya: Wai da gaske nama ne ke kawo ta? Don ni in ba nama ban ci abinci ba.

Amsa: Yana ciki amma ba shi kaɗai ba. A 2015 hukumar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa naman da aka sarrafa, irin su sosej da naman gwangwani da wanda aka adana da gishiri da sinadari, cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankarar hanji, giram 50 kullum yana ƙara haɗarin da wajen kashi 18 cikin 100. Jan nama kuwa aka ce mai yiwuwa ne. Ba a ce ka daina ba, ragewa ne. Sauran su ne giya, taba, ƙiba musamman tumbi, yawan zama ba motsa jiki, ciwon suga, da rashin cin abinci mai harza wato hatsin da ba a cire dusarsa ba da wake da ganye da kayan marmari. Akwai wani gwaji da aka wallafa a 2015 da nake yawan tunawa, aka ɗauki baƙaƙen fatar Amurka 20 da mutanen karkarar Afirka ta Kudu 20 aka musanya musu abinci na sati biyu kacal, waɗanda suka koma cin harza alamun kumburi a hanjinsu suka ragu, waɗanda suka koma maiƙo da nama nasu suka ƙaru. Sati biyu fa. Sai dai ko ka kiyaye duk wannan shekaru suna nan suna aikinsu, gwajin bai faɗi a kanka ba.

Tambaya: Ni ɗalibar aikin jinya ce, a karatu na ga wai 'yan asalin Alaska sun fi kowa wannan cutar a duniya, kuma 'yan asalin wasu ƙasashen ma suna mutuwa da ita fiye da sauran. Shin a jininsu yake ko me?

Amsa: 'Yata tambayarki ta yi min daɗi. Abin da kika karanta haka yake, 'yan asalin jihar Alaska ta Amurka suna cikin mafi yawan kamuwa da aka taɓa lissafawa a duniya, sun ninka fararen Amurka fiye da sau biyu, su ma Inuwit na arewacin Kanada abin yana da yawa a cikinsu. Amma kada ki yi saurin cewa jini. A cikin 'yan asalin Amurka kansu, na filayen arewa cutar ta yi musu yawa, na kudu maso yamma kuwa ba ta kai haka ba, kin ga in jini ne kaɗai da ba a ga wannan tazarar ba. Abin da ake gani a Alaska shi ne shan taba da yawa, ga ƙasar ƙanƙara inda ganye da kayan marmari sai an yi jigilarsu daga nesa, ga abincin kanti da ya maye gurbin wani ɓangare na cimarsu ta da. Sannan ga nisa, ƙauyuka da yawa ba titin mota da ya kai, wanda zai yi kolonoskofi sai ya hau ƙaramin jirgi zuwa babban garin yankin ko har birnin Ankorej, ya nemi masauki ya sha ruwan wankin ciki a ɗakin da ba nasa ba, ya nemi mai raka shi, in yanayi ya ɓaci jirgin ma ba zai tashi ba. Ko tsohon gwajin kashin da ake yi a da bai yi musu aiki sosai ba, saboda ƙwayar cutar ciki H. pylori tana da yawa a cikinsu tana sa ɗan zubar jini daga tumbi, sai gwajin ya yi ta nuna jini alhali ba daga hanji yake ba. Abin da ya burge ni shi ne hukumomin lafiyarsu na ƙabilu ba su zauna jiran kowa ba, tun 2013 suka mayar da shekarar farawa 40, lokacin sauran Amurka suna kan 50.

Na Maori, 'yan asalin ƙasar Niyu Zilan, kuma wani darasi ne. Shirin gwajin ƙasar da aka fara a 2017 daga shekara 60 zuwa 74 ya riƙa ɗauka a lokacin, kowa da kowa daidai. To amma fiye da rabin Maori masu cutar kafin su kai 60 take kama su, kenan kafin kwalbar ta iso gidansu an riga an makara. A 2022 gwamnati ta yi shirin sauko musu da mutanen tsibiran Fasifik zuwa 50, har an fara a wasu yankuna, sai a 2025 wata gwamnatin ta janye ta ce 58 ga kowa. Ni a ganina wannan ba adalci ba ne ko da a takarda ya yi kama da adalci, in cuta tana riga zuwa gidan wani to ya kamata gwaji ma ya riga zuwa can.

A Ostireliya tun 2006 suke aika kwalbar kyauta ta gidan waya, yanzu duk shekara biyu ga 'yan 50 zuwa 74, daga Yuli 2024 'yan 45 zuwa 49 ma suna iya nema. Amma 'yan asalin ƙasar, wato Aborijin da mutanen tsibiran Torres, ba sa mayarwa kamar sauran, kuma in kin duba dalilan sai ki ga ba taurin kai ba ne. Wani wajen ba a kai wasiƙa ƙofar gida, bayanin cikin kwalin da Turanci ne alhali wani Turancin harshensa na uku ne, zafi yana lalata samfurin kuma ba kowa ke da firij ba, gida cike da mutane ba inda za ka ɓoye kwalbar kashi, ga kunya, ga kuma tsohon tabo, mutanen da hukuma ta taɓa ƙwace wa 'ya'ya ba za ki yi mamaki ba in ambulan ɗin gwamnati bai ba su sha'awar buɗewa ba. Daga 2018 aka gwada wata hanya, maimakon gidan waya ma'aikacin lafiyar da suka sani a asibitin unguwarsu shi zai miƙa kwalbar hannu da hannu ya yi bayani, mace ga mace namiji ga namiji, sai masu yin gwajin suka ƙaru sosai har daga baya aka faɗaɗa tsarin. Ke da za ki zama nas, wannan ma'aikacin da ke miƙa kwalbar ke ce, ki koyi yadda za ki yi maganar kashi da dattijo ba tare da kin sa ya sunkuyar da kai ba.

Tambaya: Likita na yi gwajin kashin nan an ce an ga jini, kwana uku ban yi barci ba. Shikenan ina da ita ko? Ko in sake wani gwajin in gani?

Amsa: Baiwar Allah kwantar da hankalinki, ganin jini ba shi ne ganin sankara ba. Cikin waɗanda gwajin ya nuna musu jini, waɗanda ake samu da sankara galibi ba sa wuce 1 cikin 10, da yawa tsiro ne da za a cire a wurin, wasu basir ne, wasu ba a ganin komai. Amma kada ki sake gwajin kashin don neman wanda zai ce babu, tsiro yau ya zubar da jini gobe ya ƙi, na biyun zai iya fitowa fes ya ruɗe ki. Abin da ya rage kolonoskofi ne, ki karɓi rana mafi kusa da za su ba ki kada ya wuce 'yan makonni. Ki faɗa musu duk maganin da kike sha musamman na tsinka jini da na suga da ƙwayar ƙarin jini, don akwai waɗanda ake dakatarwa kafin ranar, sannan ki nemi wanda zai raka ki ya dawo da ke gida saboda allurar barcin.